Me Wesget Ke Nema A Injin Da Ba Shi Da Turbo?

Darasin nan kunya ce ta koya min shi, don haka bari in fara da kunyar.

Lokacin da nake IT a wani gareji, wani matashi ya kawo Marsandi C200 Kompressor, ya fito da wani ƙarfe daga kwali ya ce wesget ne, a ɗaura masa, wai motar za ta ƙara ƙarfi. Oga ya juyo ya ce, "Kai ɗan boko, ina za mu sa shi?" Ni kuwa ba ko tunani na ce, "A jikin salansa mana, Oga." Sai ya ce, "To wace fanka ce a salansar nan da za ka rage wa hayaƙi?" Yaran gareji suka fashe da dariya. Na haddace zanen wesget a aji, amma ban taɓa tambayar kaina me yake yi ba.

Ga inda na ɓata. Inji iska yake ci da mai. A daidai gaɓar teku nauyin iskar da ke kanmu psi 14.7 ne, kuma da wannan matsin take shiga silinda idan fistin ya sauka. In ka samu abin da zai danna ƙarin psi 7, ka ƙara kusan rabin iskar da silinda ke samu, sai ka ƙara mai daidai da ita, ƙarfi ya ƙaru. Na ce kusan, don iska in an matse ta zafi take yi, iska mai zafi kuma ba ta da kauri. Abubuwa biyu ne ke wannan aikin dannawa, turbo da sufacaja. Turbo hayaƙin inji ne ke juya shi. Alfred Büchi, ɗan ƙasar Siwizalan, ya yi rajistar dabarar a 1905. Sufacaja kuwa bel ne ke jan ta daga fulin karanshaf, kamar yadda yake jan altaneta.

Wesget ɗan gidan turbo ne. Bawul ne da sifirin ke riƙe da shi a rufe, da wata 'yar tiyo da ke kawo masa labarin matsin da ke shiga inji. Da matsin ya fi ƙarfin sifirin sai bawul ya buɗe, wani kaso na hayaƙi ya kauce wa fankar turbo ya wuce salansa kai tsaye. Fanka ta rasa abin da ke tura ta, ta daina ƙara gudu, matsi ya tsaya inda ake so. Wato tun daga tushe ake rage abin. To a sufacaja fa? Hayaƙi bai da hannu a juya ta. Ko ka huda salansa gida goma, bel zai ci gaba da jan ta da gudun da girman fuli ya yanke. Abin da Oga yake nufi ke nan.

Sai dai bayan na koma na yi karatu, na tarar akwai masu sa wesget a injin sufacaja, yawanci masu gyaran motocin tsere a Amurka, kuma ba shirme suke yi ba. Ba a salansa suke sa shi ba. A bututun iska suke sa shi, tsakanin sufacaja da maƙogwaron totur. Kuma iri guda na sufacaja ne abin ya fi yi wa amfani.

Wadda ke cikin Kompressor irin Roots ce, kamfanin Eaton ke ƙera ta. Sunan ya samo asali daga wasu 'yan uwa biyu, Philander da Francis Roots na jihar Indiyana, da suka yi rajistar injin hura iska a 1860. Ita kamar mudu take, kowane zagaye awo ɗaya na iska take zubawa, shi ya sa tun inji na ƙasa-ƙasa take ba da matsi. Ɗaya irin ita ce mai fanka, wadda Vortech da ProCharger ke yi. Kamar rabin turbo ce aka ɗaura wa bel da giya a ciki. Halinta shi ne in gudunta ya ninka biyu, matsi yakan ninka kusan huɗu. A sama tana da ƙarfi, a ƙasa kuwa raguwa ce.

Ku ɗauko biro, mu yi misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce injinka psi 10 kaɗai zai iya ɗauka lafiya, kuma da fuli mai faɗin milimita 75 kana samun psi 10 ɗin a zagaye 6,000 a minti. A zagaye 3,000, rabin gudu ke nan, psi 2.5 kacal za ka samu. Kuma a nan ne ake yawan tuƙi. Sai ka cire fulin ka sa mai milimita 60. Raba 75 da 60, ka samu 1.25, wato gudun sufacaja ya ƙaru da kwata. 1.25 sau 1.25 ya ba ka kusan 1.56. Yanzu a zagaye 3,000 kana da kusan psi 3.9, an samu ci gaba. Amma a 6,000 matsi zai kai wajen psi 15.6, abin da zai iya ƙona gaskit ko ya fasa fistin. Nan wesget ke shigowa. Ka sa masa sifirin na psi 10. Da inji ya kai zagaye 4,800 matsi ya cika 10, bawul ya buɗe, rarar iska ta fita, daga nan har 6,000 matsi na tsaye wuri guda. Ka samu cikakken matsi da wuri, ba ka ƙetare iyaka ba.

A takarda abin gwanin sha'awa, amma ku lura da bambancin. Wesget na turbo yana rage wa fanka gudu. Wannan kuwa bai rage komai ba, iskar da ka riga ka biya kuɗinta yake zubarwa. Ƙarfin da ya matse ta daga karanshaf aka cire shi. Kamar mai ga-ruwa ne ya turo kura har ƙofar gida, sannan ya tuntsurar da jarka uku don randa ta cika. Saboda haka a can sama inji yakan yi ƙasa da ƙarfin da zai yi da babban fuli a matsi iri ɗaya. Ga zafi, don fankar na gudu fiye da da, kuma iska mai zafi ita ke jawo mai ya fashe da kansa kafin wutar filogi ta iso gare shi. Wannan shi littafi ke kira nokin, ba nokin ɗin gareji ba da ake nufin inji ya ƙame, ko da yake na farkon kan kai mutum ga na biyun. Ku tuna ranar Afrilu a garuruwanmu, zafi ya haura digiri 40 tun kafin a matse iskar. Ba intakula, kada ma a fara. Ƙaramin fuli kuma bel bai samun wurin kamawa sosai, sai ya riƙa zamewa, sannan kowace sufacaja tana da iyakar gudun da kamfani ya rubuta mata.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne na na'urar auna iska. In tana gaban sufacaja, ta riga ta faɗa wa kwamfutar mota yawan iskar da ta shigo, kwamfuta ta saki mai daidai da haka. Kai kuma ka zubar da wani kaso a hanya. Mai ya yi yawa, baƙin hayaƙi, filogi ya yi baƙi. Ko dai a mayar da iskar cikin bututu bayan na'urar, ko a matsar da na'urar gaba da wesget, a sake saita kwamfuta.

Kada kuma ku haɗa wesget da baifas, a jarrabawa ko a gareji. Baifas yana buɗewa ne lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur ko kana tafiya a hankali, don iskar da bel ke ta turowa ta samu hanyar zagayawa maimakon ta daki rufaffiyar ƙofa. Wesget kuwa sai ka take totur matsi ya kai iyaka yake buɗewa.

Ita Kompressor ɗin tana da nata baifas daga kamfani, kwamfuta ce ke buɗe shi ta rufe, kuma matsinta tun daga ƙasa yake zuwa, don haka babu aikin da wesget zai yi mata sai rage ƙarfi. Da Oga ya sa na duba dalilin da ya sa mai ita yake kukan ba ta ja, bel ne ya saki ya yi santsi, ga tiyon iska ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Muka canja su, ya zagaya da ita ya dawo yana murmushi. Wesget ɗin ya mayar cikin kwalinsa, yana tambayar Oga ko ya san mai Hilux da zai saya.