DARASIN WANNAN WATA: ALBASHIN N70,000, WA YA SHAFA?

Da zarar an kammala aikin kaka, matasa da yawa kan bar ƙauye su tafi birni neman aiki. Wasu su samu a injin casar shinkafa, wasu a gidan mai, wasu a masana'anta. Ya kamata kowa ya san abin da doka ta ba shi tun kafin ya kama aiki.

Sabuwar doka

A watan Yuli na 2024, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi N70,000 a wata. Kafin nan N30,000 ne tun 2019, kafin shi kuma N18,000 tun 2011. A da sai bayan shekara 5 ake sake duba albashin. Yanzu an rage zuwa shekara 3.

Waɗanda ba ta shafa ba

Dokar ba ta hau kan kowa ba. Ta cire waɗannan:
1. Wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.
2. Mai aikin jinga ko na kamasho.
3. Mai aikin 'yan sa'o'i, wanda ba na cikakken lokaci ba.
4. Mai aikin da ke zuwa da lokacinsa, kamar ƙwadagon gona.

Misali, idan injin casa yana da ma'aikata 12, doka ba ta tilasta wa mai injin biyan N70,000 ba. Idan kuwa masana'anta tana da ma'aikata 40 na dindindin, dole ta biya. Ko da ma'aikaci ya yarda da ƙasa da haka, yardar ba ta da ƙarfi a gaban doka.

Takarda ita ce shaida

Wanda aka cire ba a bar shi haka nan ba. Akwai Dokar Ƙwadago, wadda ke kare masu aikin ƙarfi da akawuna. Ta ce kafin wata 3 su cika da fara aiki, mai wurin ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗa. A ciki za a rubuta irin aikin, yawan albashi, lokacin biya, sa'o'in aiki da hutu. Wanda ya yi wata 12 yana aiki ba yankewa yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki, da cikakken albashinsa.

Haka kuma ba a sallamar mutum kwatsam, in ba babban laifi ya yi ba. Ga wa'adin notis:
Wata 3 ko ƙasa da haka: kwana 1.
Fiye da wata 3 amma bai kai shekara 2 ba: mako 1.
Shekara 2 amma bai kai 5 ba: mako 2.
Shekara 5 zuwa sama: wata 1.

Notis na mako 1 ko fiye sai a rubuce. Ana iya biyan kuɗi a madadinsa. Shi ma ma'aikaci, idan zai bar aiki, wajibi ne ya ba da irin wannan notis.

A nan ne amfanin ajin yaƙi da jahilci yake fitowa. Kada mutum ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Ya karanta, ko ya kai wa malamin aji ya karanta masa, sa'an nan ya adana tasa. Wanda aka danne wa haƙƙi ya kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharsa. Idan ba a sasanta ba, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai rassa a garuruwa irin su Kano da Kaduna.

Tambayoyi
1. Nawa ne mafi ƙarancin albashi tun 2024?
2. Su wa dokar ta cire?
3. Mutum ya yi shekara 3 a wurin aiki. Notis nawa ya kamata a ba shi?