Ƙaura Daga Tsohon Zubi Zuwa Sabo: Nazarin Ɗaukaka Shagon Intanet Daga Magento 1 Zuwa Magento 2

Tsakure

Wannan takarda ta nazarci yadda ake ɗaukaka shagon intanet daga tsohon zubin manhajar kasuwanci zuwa sabon babban zubi. An ɗauki manhajar Magento a matsayin misali, saboda sauyin da aka yi daga Magento 1 zuwa Magento 2 ya tilasta wa masu shaguna a faɗin duniya sake gina shagunansu. Takardar ta bibiyi tarihin manhajar, da dalilan da suka mayar da aikin ƙaura, da matakan da ake bi, da abin da ya auka wa waɗanda suka yi jinkiri. Daga ƙarshe ta nuna cewa rubutun Hausa da ke cikin shago, musamman baƙaƙe masu ƙugiya da fassarar shafuka, yana cikin abubuwan da ke iya salwanta idan ba a yi masa tanadi tun farko ba.

Fitilun Kalmomi: shagon intanet, manhaja, zubi, ƙaura, rumbun bayanai, baƙaƙe masu ƙugiya

1.0 Gabatarwa

Shagon intanet kafa ce da ɗan kasuwa ke baje hajarsa, mai saye ya zaɓa, ya biya, a kai masa, ba tare da sun haɗu ido da ido ba. Kowane irin wannan shago yana tsaye ne a kan wata manhaja da ke riƙe da jerin kaya da farashinsu, da sunayen abokan ciniki, da tarihin duk cinikin da aka taɓa ƙullawa. Masu ƙera manhajar sukan fitar da ita zubi bayan zubi, kowane da lambarsa. Idan lambar baya ce ta sauya, kamar daga 1.8 zuwa 1.9, galibi gyare-gyare ne a kan tsohon tubali. Idan kuwa lambar farko ce ta sauya, daga 1 zuwa 2, to ana iya tarar da cewa harsashin ginin ne baki ɗaya aka canza. Manufar wannan takarda ita ce fito da abin da irin wannan babban sauyi ya ƙunsa, da kuma gurbin da masanin harshe yake da shi a cikinsa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Magento

Kamfanin Varien da ke Amurka, ƙarƙashin Roy Rubin da Yoav Kutner, shi ne ya fitar da zubin farko na Magento a ranar 31 ga Maris, 2008. Manhajar ta samu karɓuwa da wuri domin buɗaɗɗiya ce, wato kowa na iya sauke ta kyauta, ya duba cikinta, ya ƙara mata abin da yake buƙata. A 2011 kamfanin eBay ya mallake ta, a 2015 ta koma hannun kamfanin zuba jari na Permira, sannan a 2018 kamfanin Adobe ya saye ta a kan dala biliyan 1.68.

An fitar da Magento 2 a watan Nuwamba na 2015. Tsawon shekara huɗu da rabi zubin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, har zuwa ranar 30 ga Yuni, 2020, lokacin da Adobe ya daina tallafa wa Magento 1. Daga wannan rana kamfanin ya bar fitar da facin da ke toshe ɓarakar tsaro a tsohon zubin.

3.0 Dalilin Kiran Aikin Ƙaura

Wanda zai yi wa gidansa yaɓe ba ya buƙatar kwashe kayansa, amma wanda aka gina wa sabon gida a wata unguwa dole ya yi jigila. Haka lamarin yake tsakanin zubin biyu. An sake rubuta Magento 2 ne bisa sabon tsari, aka sauya jerin manyan fayiloli, da yadda sassan manhajar ke kiran juna, da fasalin teburori da dama a rumbun bayanai. Saboda haka ba a iya ɗora sabon zubin a kan tsohon. Sai dai a kafa sabon shago a gefe, sannan a kwaso kayan tsohon.

Abubuwan da shago ya ƙunsa sun kasu gida uku ta fuskar wannan jigila:

i. Waɗanda ake kwashewa da manhajar ƙaura: jerin kaya da rukunoninsu, bayanan abokan ciniki, tarihin ciniki, da saituttukan shago.

ii. Waɗanda ake kwashewa da hannu: hotuna da bidiyon kaya, da asusun ma'aikatan da ke kula da shago tare da iyakokin ikon kowannensu.

iii. Waɗanda ba sa ƙaura sam: rigar shago, wato zanen da mai saye ke gani, da ƙananan manhajojin da aka liƙa wa tsohon zubi domin biyan kuɗi ko lissafin kuɗin dako. Waɗannan sai an sake ɗinka su, ko a nemi makwafinsu.

Kashi na uku shi ne ya fi cin kuɗi da lokaci. Shagon da ya shekara goma yana aiki yakan tara ƙarin manhajoji masu yawa, wasu ma waɗanda suka rubuta su sun daɗe da barin sana'ar.

4.0 Matakan Ƙaura

4.1 Ƙididdiga da Tankaɗe

Matakin farko shi ne a lissafa duk abin da ke cikin tsohon shago, a ware wanda ake amfani da shi daga wanda ya zama tarkace. Kowace ƙarin manhaja takan buɗe nata tebur a rumbun bayanai, kuma manhajar ƙaura takan tsaya cak idan ta ci karo da teburin da ba a faɗa mata inda za ta sauke shi ba. Don haka dole a yanke hukunci a kan kowane tebur: ko a nuna masa masauki, ko a bar shi a baya.

4.2 Kwafi da Gwaji

Ba a taɓa shagon da ke aiki. Ana ɗaukar cikakken kwafinsa ne a ajiye, a kuma yi gwaji da wani kwafin a wata uwar garke ta daban. A nan ake gano kurakurai tun ba su shafi kuɗin kowa ba.

4.3 Zango Uku na Jigila

Manhajar ƙaurar da Magento ya tanada tana aiki a zango uku, bi da bi. Zangon farko na saituttuka ne, kamar kuɗin da ake ciniki da shi da ƙa'idojin haraji. Na biyu na ɗaukacin bayanai ne. Na uku na ciko ne. Hikimarsa ita ce, yayin da ake makonni ana gina sabon shago, tsohon bai daina ciniki ba. Zangon ciko yana bin sawun sababbin odoji da sababbin abokan ciniki yana tura su sabon rumbu, domin kada cinikin wani ya faɗa tsakani.

4.4 Kiyaye Adireshi

Kowane shafin kaya yana da adireshin da injunan bincike irin su Google suka sani. Idan adireshin ya sauya ba tare da an bar alama ba, mai nema zai iske ƙofa a rufe, shagon kuma ya rasa matsayin da ya yi shekaru yana ginawa. Maganin wannan shi ne umarnin karkatarwa mai lamba 301, wanda ke shaida wa injin cewa shafin ya koma sabon wuri dindindin.

4.5 Ranar Tarewa

A ƙarshe ana dakatar da tsohon shago na ɗan lokaci, a yi cikon ƙarshe, a juya sunan kafar zuwa sabuwar uwar garke, a gwada saye da biya. Ana barin tsohon shago a ajiye domin komawa gare shi idan al'amari ya rikice.

5.0 Sakamakon Jinkiri

Masu shaguna da dama sun ɗauki matsayin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kafin cikar wa'adin, kamfanonin katin biyan kuɗi na Visa da Mastercard sun yi gargaɗi a kan ci gaba da amfani da tsohon zubin, domin ƙa'idar tsaron kati ta PCI DSS ta shar'anta toshe ɓarakar manhaja a kan kari. Ba a cika wata uku da ƙarewar tallafin ba, a watan Satumba na 2020, kamfanin tsaro na Sansec ya ba da rahoton cewa 'yan dandatsa sun kutsa cikin shaguna kusan 2,000 a 'yan kwanaki, mafi yawansu masu amfani da Magento 1. Sun dasa wani ɓoyayyen umarni ne a shafin biyan kuɗi, wanda ke kwafe lambobin katin mai saye yayin da yake rubuta su. Asarar ta fara sauka ne a kan abokin ciniki, wanda ba shi da ta cewa a kan zubin da shagon ke amfani da shi.

Wasu da ba su da halin ƙaura sun koma ga OpenMage, wato reshen Magento 1 da 'yan sa-kai ke ci gaba da yi wa faci. Waɗanda suka ƙaura ma ba su huta ba, domin zubin 2.4 da ya fito a watan Yuli na 2020 ya wajabta girka injin neman kaya na Elasticsearch.

6.0 Makomar Rubutun Hausa Yayin Ƙaura

Shagon da ke ɗauke da rubutun Hausa yana fuskantar ƙarin matsaloli uku. Ta farko ta shafi baƙaƙen ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Tsarin UTF-8 yana adana kowannensu da ma'auni biyu, saɓanin b da d da k da y masu ma'auni ɗaya. Idan aka fitar da bayanai da wannan tsari, aka karanta su da wani tsohon tsarin Yammacin Turai, ƙ takan rikiɗe ta koma Æ™. Idan kuwa aka shafe ƙugiyar don gudun wahala, ma'ana ce ke tafiya, domin kaya daban ƙaya daban, haka ma kafa da ƙafa.

Ta biyu ta shafi nema. Masu saye da yawa suna rubuta dinki ko dan kunne a wayoyinsu ba tare da ƙugiya ba. Ya kamata a saita injin nema ya ɗauki d da ɗ a matsayin abu guda wajen lalube, amma shafin ya nuna kalmar da ingantacciyar ƙa'idar rubutu.

Ta uku ta shafi fassara. Magento yana ajiye fassararsa ne a jeri biyu, jimlar Ingilishi a gefe, takwararta a gefe. Jimlar Ingilishin ita ce mabuɗi. Duk inda aka sauya lafazinta a sabon zubi, tsohuwar fassara ba za ta hau ba, sai shafin ya koma Ingilishi. Ta haka mai saye zai fara ciniki da Hausa ya tarar da wani harshe a wurin biyan kuɗi, wato daidai inda ya fi buƙatar fahimtar abin da yake amincewa da shi.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa ɗaukaka shagon intanet zuwa sabon babban zubi aiki ne na sake gini, mai buƙatar ƙididdiga da gwaji da jigila a zango-zango. Ta kuma nuna cewa jinkiri bayan ƙarewar tallafi yana jefa dukiyar abokan ciniki cikin haɗari, kamar yadda ya tabbata a 2020. Ta fuskar harshe, ana ba da shawarar a sanya masanin Hausa cikin ayarin masu ƙaura tun daga matakin ƙididdiga, ya tace jerin fassara, ya gwada baƙaƙe masu ƙugiya a kwafin gwaji, domin tun ran gini ran zane. Haka kuma akwai buƙatar sassan nazarin Hausa a jami'o'i su samar da daidaitattun kalmomin kasuwancin intanet, waɗanda kowane shago zai iya ɗauka daga wannan zubi zuwa wancan.