DARASIN SANA'A: ZAREN DA KE CIKIN GANYE



Darasinmu na wannan fitowa a kan wani tsiro ne mai suna yukka, da ɗan'uwansa da ke ƙasarmu, wato moda. Ba modar shan ruwa ba, a'a, moda tsiro mai dogon ganye.

1. Mene ne yukka?

Ka sani yukka tsiro ne na busassun wurare, asalinsa ƙasar Meziko da kudu maso yammacin Amurka. Irinsa ya haura 40. Ganyensa dogo ne mai kauri kamar takobi, da tsini a baki. Kada ka rikita shi da rogo, wanda a wasu ƙasashen can ake kira yuka. Wannan rikici ya daɗe, domin malamin tsirrai Liniyas, mutumin Suwidin, shi ya laƙaba masa sunan rogo bisa kuskure a shekarar 1753.

Mutanen asali na can, irin su Nabaho da Hofi da Afaci, suna fitar da zare daga ganyensa, su tufka igiya, su saƙa kwando da tabarma da takalmi. An tono takalman yukka a kogunan duwatsu waɗanda suka haura shekara 1,000 ba su ruɓe ba. Saiwarsa kuwa in an daka tana kumfa, da ita suke wanke kai.

2. Namu na gida

To, mu nan Boko da sauran garuruwan Kusada da Kankiya, me muke da shi? Muna da kabar goruba ta tabarma da faifai. Muna da rama, amma ita zarenta a ɓawon kara yake. Wadda ta fi kama da yukka ita ce moda, har masana sun sa su a dangi guda. Takan fito a inuwar itatuwa da gefen suri, ganyenta a miƙe, mai zane-zane. Zarenta fari ne mai ƙarfi, shi ya sa maharba ke yin tsirkiyar baka da shi. A Larabce irin wannan zare sunansa lifu, igiyar da aka tufka da kyau kuma masad, kalmar da ka sani tun daga Suratul Masad.

3. Yadda ake fitar da zaren

Hanyar kusan ɗaya ce, can da nan.

Na farko, ka yanki ganyen da ya ƙosa daga gefe, ka bar na tsakiya domin tsiron ya ci gaba da rayuwa.

Na biyu, ka ɗora shi a kan itace ka riƙa bubbugawa a hankali har ya yi laushi. In ka buga da ƙarfi zaren zai tsinke.

Na uku, ka jiƙa shi a ruwa na 'yan kwanaki har naman ganyen ya saki. In ya wuce lokaci zaren kansa sai ya ruɓe.

Na huɗu, ka kankare koren da bayan wuƙa, ka wanke, ka shanya.

Na biyar, tufka. Ka raba zaren gida biyu, ka murza kowane a cinya zuwa gefe guda, sannan ka naɗe su tare zuwa ɗaya gefen. Nan sirrin yake: kowane sili yana son warwarewa, ɗan'uwansa yana riƙe shi. In ka murza ka kuma naɗe duk zuwa gefe ɗaya, to ka yi tufka da warwara.

Ka kula, ruwan ganyen yakan sa ƙaiƙayi, sai ka wanke hannu kafin ka taɓa ido.

4. Me ya sa ya kamata ka koya?

Yau igiyar roba ta cika kasuwa. Tana da arha, ba ma musu. Amma in ta tsufa sai ta zube a gona ba ta ruɓewa, dabba ta haɗiye ta cutu. Igiyar ganye kuwa in ta gama aiki taki take zama. Abin tsoro shi ne, wannan ilmi a hannun dattawa yake, ba a littafi ba. Duk tsohon da ya rasu bai koya wa kowa ba, da iliminsa ya tafi. Almajirin da ya iya tufka igiyar guga ko ta dabaibayi, ya samu kuɗin sabulu da tawada ba tare da ya miƙa wa kowa hannu ba.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin yukka da rogo?
2. A ina zaren moda yake, a ina na rama yake?
3. Don me ake murzawa gefe guda, a naɗe ɗaya gefen?

Aikin gida: Je ka wurin kakanka ko wani dattijo a unguwarku, ka gaishe shi da ladabi, ka roƙe shi ya nuna maka tufka. Ka zo da igiya kamu ɗaya wadda ka tufka da hannunka.

Allah Ya sa mu amfana, amin.