Yadda Mai Juna Biyu Za Ta Kauce Wa Jin Rauni A Ayyukan Gida

'Yar'uwa mai juna biyu, ciki ba cuta ba ne, kuma ba a ce ki naɗe hannu ki zauna ba. Motsa jiki yana da amfani gare ki da abin da kike ɗauke da shi. Sai dai ki sani jikinki ya canza, don haka aikin da kika saba yi cikin sauƙi a da, yanzu yana iya ji miki ciwo idan ba ki canza yadda kike yin sa ba.

Da zarar ciki ya shiga, jiki kan ƙara fitar da wasu sinadarai, ciki har da wanda ake kira rilaksin, waɗanda ke sassauta jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓi, musamman na ƙugu, domin hanya ta buɗe ranar haihuwa. Ga kuma nauyi: mace mai matsakaicin jiki kan ƙaru da kilo 11 zuwa 16 kafin ta haihu, ciki kuma yana rinjayar ta zuwa gaba. Shi ya sa ciwon baya, targaɗe da tuntuɓe suke yawa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2010 ya nuna cewa kimanin mace 1 cikin 4 ta faɗi aƙalla sau ɗaya kafin ta sauka.

Ɗaukar kaya

A nan ne aka fi samun matsala. Jarka mai lita 25 idan ta cika da ruwa nauyinta kilo 25 ne, wato rabin buhun siminti. Da yawa daga cikin mata ba za su yarda su taɓa siminti ba, amma su ɗauki jarka sau uku kafin azahar. Ki raba ruwan a ƙananan bokitai, gwamma ki yi sawu biyu ko uku.

Idan za ki ɗauki abu daga ƙasa, kada ki sunkuya ƙafafunki a miƙe. Ki matso kusa da shi, ki ɗan buɗe ƙafafu, ki lanƙwasa gwiwoyi bayanki a miƙe, sannan ki tashi da ƙarfin cinyoyinki. Idan za ki juya da kaya a hannu, ki juya da ƙafafunki gaba ɗaya, kada ki murɗa ƙugu. Duk kayan da sai kin riƙe numfashi kin yi yunƙuri kafin ki ɗaga shi, ya fi ƙarfinki, ki bar shi. Kayan ka kuwa, lokacin ɗorawa da saukewa ne ya fi haɗari, saboda haka ki nemi a ɗora miki a kuma sauke miki.

Haka ma yaron da aka yaye. Maimakon ki sure shi daga ƙasa ko ki saɓa shi a gefen ƙugu, ki zauna ya hau cinyarki da kansa.

Shara da wanki a duƙe na cinye baya a hankali, ba a rana ɗaya ba. Ki ɗaura wa tsintsiya doguwar sanda, ki ɗora bahon wanki a kan benci, kuma ki riƙa miƙewa kina ɗan takawa lokaci zuwa lokaci. Daka mai yawa a kai shi inji.

Tashi daga kwance

Kada ki zabura ki tashi zaune daga rigingine. Ki juya gefe gwiwoyinki a haɗe, ki sauko da ƙafafu, ki tokare da hannu ki tashi, sannan ki ɗan zauna kafin ki miƙe. Masu ciki kan ji jiri idan suka miƙe farat ɗaya, balle idan akwai ƙarancin jini. Idan a tabarma kike, ki fara durƙusawa a kan gwiwoyi da hannuwa, ki dafa bango ki tashi. Daga mako na 28, ki riƙa fara barci a kan gefenki, da matashi tsakanin gwiwoyi. Hakan ya fi wa jariri lafiya, bayanki ma zai samu sauƙi.

Santsi da tuntuɓe

Banɗaki, bakin rijiya da wurin wanke-wanke su ne wuraren da ya kamata a sa wa ido. A kankare gansakuka, a daina barin ruwan sabulu yana kwanciya. Silifan da ƙasansa ya side a yar da shi, takalmi mai tsini kuma a ajiye shi sai bayan suna. Tun da fitsari yana yawan tashin ki da dare, ki ajiye tocila kusa da shimfiɗa. Kada ki taka kujera ko bokiti don sauko da kwano daga sama, ki kira wani.

A mota ki ɗaura bel: na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin ciki a kan ƙasusuwan ƙugu, na sama ya ratsa tsakanin nonuwa. Idan ya zama dole ki hau babur, ki tattare mayafi ko hijabi kada taya ta kama shi.

Idan kin faɗi fa?

Jariri yana cikin ruwa mai kare shi, kuma yawancin ƙananan faɗuwa ba sa yi masa komai. Abin da ake tsoro shi ne mabiyiya ta ɓanɓaro daga jikin mahaifa, kuma wani lokaci jinin yakan taru a ciki ba a gan shi a waje ba. Don haka idan ciki ya kai wata biyar kika faɗi, ko wani abu ya buge ki a ciki, ki zo asibiti a ranar ko da ba kya jin komai. Idan kuwa akwai zubar jini, fashewar faya, ciwon mara, taurin ciki ko raguwar motsin jariri, a taho nan take ko da tsakar dare ne. Ki riƙo katin awonki, domin mace mai rukunin jini nagetif tana iya buƙatar allurar Anti-D cikin awa 72.

Ciwon baya mai zuwa yana lafawa kafin mako na 37 yana iya zama naƙudar bakwaini, wanda ya zo da zazzaɓi ko zafin fitsari kuma yana iya zama ciwon ƙoda. Kada ki sayi Ibuprofen ko Diclofenac a kemis, suna iya cutar da jariri, musamman daga mako na 20. A kuma guji murza ciki ko kai ki wurin mai ɗori kafin likita ya duba ki.

Maigida da Inna, ku lura da mai cikin fari. Kunya kan sa ta ɓoye faɗuwa, ta ci gaba da aiki don kada a ce mata raguwa. Ku riƙa tambayar ta, ku ɗauke mata ɗiban ruwa da daka, idan kuma ta ce ta faɗi, ku kawo ta a duba ta.