Ruwan Salanta da salak ɗin da ake kaiwa 'Yankaba

Rafin Salanta yana kwaso ruwan masana'antun Sharaɗa ya juye a kogin Challawa, wanda shi ma yake karɓar na kamfanonin jima da ke bakinsa, sannan duk su gangaro wajen Tamburawa a Dawakin Kudu, inda suke haɗuwa da kogin Kano. Da damina ruwan sama yana ɗan sirka shi. Da rani kuwa, daidai lokacin da masu lambu suka fi buƙatar ruwa, abin da ke gudana a Salanta kusan tsagwaron ruwan masana'anta ne da na kwata, wani lokaci baƙi wuluk, wani lokaci shuɗi-shuɗi da kumfa a bakin gaɓa, warinsa na tarar mutum tun daga nesa. A cikin wannan ruwa ake tsoma tiyo, a tayar da inji, a cika fangali bayan fangali na salak da alayyafo da lansir da kabeji. Yaron da ke karkatar da ruwan yana tsaye a ciki ba takalmi, ƙafafunsa duk sun yi kirci. Da asuba a cire ganyen, a ɗauraye shi a cikin ruwan nan dai, a ɗora a babur a nufi kasuwar 'Yankaba. Haka abin yake a arewacin birnin Kano, inda rafin Getsi ke ɗauko ruwan masana'antun Bompai ya haɗe da kogin Jakara har madatsar Wasai. Malaman Jami'ar Bayero sun sha auna ruwa da ƙasa da ganyen waɗannan wurare, sun kuma sha samun kiromiyom da dalma da kadmiyom. Abin da ke ɓata mini rai a matsayina na malamin gona shi ne, yanzu da tsadar cefane ta sa kowace unguwa ke son ta yi lambunta, ana ta maganar iri da taki da buhu, ba mai tambayar daga ina ruwan zai fito.

Masu lambun suna da hujja, kuma ba ƙarya suke yi ba. Suna cewa ganyen da ya sha ruwan kwata ya fi kore, ya fi faɗi, ba ya neman yuriya. Haka ne, domin ruwan cike yake da naitirojin. Sai dai jijiyar da ta zuƙi naitirojin ita ce ta zuƙi kadmiyom, kuma kayan ganye sun fi tumatir da tattasai tara shi. Kyan ganye a ido ba shaidar komai ba ne. Hujja ta biyu ta fi ba ni haushi: wai shekara da shekaru ake ci ba wanda ya mutu. To wa ya ƙirga? Kadmiyom ƙoda yake ci a hankali, dalma kuma ƙwaƙwalwar yara take taɓawa. A Zamfara cikin 2010 sai da yara sama da 400 suka rasu saboda dalmar haƙar zinare, kuma da farko an ɗauka wata cutar ce daban. Wancan mai yawa ne a lokaci ɗaya, namu kaɗan-kaɗan ne kullum a cikin kwaɗo da miya, shi ya sa ba wanda zai je asibiti ya ce salak ne.

Sai masu cewa ai ana wankewa da gishiri, ko ana dafawa. Wanki yana rage ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, dahuwa tana kashe su. Ƙarfen da ya riga ya shiga cikin ganye kuwa, gishiri ba ya fitar da shi, tafasa ma ba ta fitar da shi duka. A riƙe wannan. Ba ya fita duka.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta talauci. Manomin Kura da Bunkure da Kadawa yana da kanal da ke kawo masa ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina tun zamanin Audu Baƙo. Mai lambun bakin Salanta ba shi da wannan gata, kuma idan aka kore shi, iyalinsa ne za su kwana da yunwa. Ban ce a kore shi ba. Ba shi ya zuba gubar ba. Doka ta wajabta wa masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi, hukumar NESREA kuma tana nan tun 2007 saboda irin wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na 2006, ba ta ce a daina ban ruwa da ruwan kwata ba, ta nuna matakan rage haɗari ne: a tsayar da ban ruwa kwanaki kaɗan kafin cira, a ba da ruwa ta gindi ba ta kan ganye ba, a guji shuka abin da ake ci ɗanye. Amma waɗannan dabaru na ƙwayoyin cuta ne. Inda ruwan jima ya shiga, ba su isa ba. A nan sai a haƙa rijiya nesa da gaɓa, a kai ruwanta a auna, ko a koma shuka dashen itatuwa da furanni na sayarwa.

Ku masu son kafa lambun unguwa ko noman buhu a tsakar gida, ku fara da ruwa. Kada ku ja daga lambatu, ko da yana kama da garau. Kada ku cika buhu da ƙasar bola: a cikinta akwai fasasshen batir da tokar roba da fenti. Filin da aka taɓa yin garejin kanikanci ko rini a kansa, a bar shi. Waɗanda ke karɓar kuɗin mutane a Facebook suna koyar da noman buhu cikin kwana biyu, ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci gwajin ƙasa ba, iyakarsu hoton tumatir ja-jawur. Buhun da aka zuba sinadari a ciki ma kada a shuka komai a cikinsa. Maganin feshi a karanta kwanakin jira da ke jikin kwalba. Sannan kada a ɗauraye ganye da ruwan da ba za ku iya wanke kwanon cin abinci da shi ba. Ƙungiyar unguwar da ta iya haɗa kuɗin wayar shinge da ƙofar lambu za ta iya haɗa kuɗin kai kwalbar ruwa ɗakin gwaji kafin a zuba iri.