Tsohon Suna, Sabon Mai Shafi

Kowane shafi a intanet yana da adireshi, wato sunan da ake rubutawa a waya ko kwamfuta don a isa gare shi. Wasu sunayen suna ƙarewa da .com, wasu da .org. Na Najeriya suna ƙarewa da .ng, na Nijar kuma da .ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba a sayen wannan suna a mallake shi har abada. Haya ake karɓa. Ana biyan kuɗin shekara ɗaya ko biyu, har zuwa goma, in wa'adi ya cika a sabunta.

To, in mai shafi bai sabunta ba fa? Ba nan take ake ƙwace sunan ba. A sunayen .com, kamfanin da ya yi rajistar yakan ɗaga masa ƙafa na wani lokaci da bai wuce kwana 45 ba. Bayan nan akwai wasu kwana 30 da zai iya fanso sunan, amma da ƙarin kuɗi mai tsoka. Sai kwana 5 na ƙarshe, waɗanda ba a iya yin komai a cikinsu. Daga nan suna ya koma kasuwa, wanda ya riga kowa shi ke ɗauka. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a Amurka a 1998, ita ke shimfiɗa waɗannan ƙa'idoji. Sunayen .ng kuwa ƙungiyar NiRA ce ke kula da su.

Mantuwa ba ta bar manya ba. A watan Disamba na 1999 kamfanin Microsoft ya yi sakaci da sabunta sunan passport.com, har masu akwatin saƙo na Hotmail suka kasa shiga. Wani bawan Allah da ba ma'aikacinsu ba ne ya biya musu dala 35, sannan abin ya gyaru.

Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, dakon sunayen da suka faɗi. Don a gane abin da suke nema, sai an san yadda injin bincike irin Google, matambayi ba ya ɓata, yake jera amsoshi. Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa kamfanin a 1998, sun fara aikin ne suna ɗalibai a Jami'ar Stanford. Dabararsu ita ce ƙirga mahaɗa. Mahaɗa ita ce rubutun nan, sau da yawa mai launin shuɗi, da in kun latsa yake kai ku wani shafin. Duk shafin da ya sa mahaɗa zuwa wani, kamar ya ba da shaida ne a kansa. Shafin da jaridu da jami'o'i da ma'aikatun gwamnati suka shaida, shi ke hawa sama a jerin amsoshi.

Shafin wata makaranta ko asibiti yana iya shekara goma yana tara irin wannan shaida. Ran da sunansa ya faɗi, mahaɗan ba sa gogewa. Suna nan a shafukan mutane, suna ta nuna hanya zuwa tsohon suna. Ku ɗauka wani mai kemis ne da unguwa ta yarda da shi ya tashi daga shagonsa, wani ya kama hayar shagon, ya bar tsohon allon a bakin ƙofa, yana sayar da jabun magani. Masu zuwa sun yarda da allon ne, ba su san hannu ya canza ba. Wannan ha'inci ne, ko da kuwa sabon ɗan hayar ya biya kuɗinsa cif.

A watan Maris na 2024 Google ya fito fili ya sa wannan ɗabi'a cikin laifuffukan da yake hukuntawa. Ya ba da misalai: a buɗe shafin caca a kan sunan da a da na makarantar firamare ne, ko a sayar da kayan magani a kan sunan wata ƙungiyar agajin lafiya, ko a cika tsohon shafin hukumar gwamnati da tallace-tallacen neman kamasho. Hukuncin shi ne a tura shafin can ƙasan jeri inda ba mai ganinsa, ko a cire shi ɗungurungum. Wani lokaci na'ura ce ke ganowa. Wani lokaci ma'aikacin kamfanin ne ke dubawa da idonsa, sai a aika wa mai shafi sanarwa ta Search Console, wurin da masu shafuka ke ganin yadda Google yake kallon shafinsu.

Sai dai a lura, sayen tsohon suna shi kaɗai ba laifi ba ne. Google da kansa ya ce babu matsala in mutum ya ɗauki tsohon suna ya gina sabon shafi na gaskiya don amfanin jama'a. Abin da aka hana shi ne hawa kan mutuncin wani don yaudarar injin bincike.

Mai niyyar kirki ma sai ya yi hattara, domin ba alheri kaɗai ake gada ba. In wanda ya riƙe sunan a baya ɗan damfara ne, hukuncin da aka yi masa yana iya bin sunan. Sabon mai shi sai ya gyara komai, ya roƙi Google ya sake dubawa, kuma hakan yakan ɗauki lokaci. Saboda haka kafin ku biya ko sisi, ku shiga web.archive.org. Wannan taska ce ta ƙungiyar Internet Archive, wadda aka kafa a 1996, tana adana kamannin shafuka na shekarun baya. Ku rubuta sunan, za ku ga jerin shekaru da kalanda. Ku latsa wata rana a shekarar da ta wuce, da wata a shekara biyar baya. In kun ga sunan ya taɓa zama gidan caca ko na batsa, ku nemi wani.

Haka nan ku yi hattara in kuna neman bayani, musamman na lafiya ko na kuɗi. In sunan shafi na makaranta ne amma cikinsa tallan maganin ƙarfi ko bashin gaggawa, ku fita, kada ku ba da lambar waya ko ta asusun banki.

Ku kuma masu shafin kasuwanci, ko na makaranta, ko na ƙungiya, akwai wata asarar da ta fi ta matsayi a Google. Wanda ya ɗauki sunanku yana iya buɗe akwatin saƙo da irin adireshinku na da, wasiƙun abokan hulɗarku su riƙa faɗawa hannunsa. Ku rubuta ranar cikar wa'adi a littafin ajiya. Ku tabbata rajistar tana da sunanku, ba da sunan yaron da ya gina muku shafin ba, kuma adireshin imel da kamfanin rajista ke aika tunatarwa ya zama wanda kuke buɗewa kullum.