'Yar Tsana a Dandalin Jama'a: Nazari a Kan Ƙaramar Amal

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa 'yar tsanar da aka ba da aikin ƙirarta domin taron jama'a ba ta kammaluwa a hannun maƙerinta, sai ta fito dandali.

A shekarar 2021 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Good Chance da ke Ingila ta gabatar da wata 'yar tsana wadda kamfanin Handspring na Afirka ta Kudu ya ƙera mata. An sa mata suna Amal, wato "fata" da Larabci, an kuma siffanta ta da yarinya 'yar gudun hijira daga Siriya. Tsayinta mita 3.5 ne. Da yake tafiya mai nisa aka nufa da ita, sai aka yi ƙirarta da kayayyaki marasa nauyi, mutum guda na cikinta bisa dogayen sanduna, wasu kuma suna motsa hannuwanta. Ashe buƙatar mai ba da aiki ita ke tsara sifar aikin.

Ta tashi daga Gaziantep ta Turkiyya har zuwa Manchester, tafiyar kimanin kilomita 8,000. A Fadar Vatikan Fafaroma Francis ya tarbe ta, amma a garin Larissa na ƙasar Girka wasu suka jefe ta da duwatsu.

Daga nan za a fahimci cewa maƙeri jiki kawai yake samarwa. Ma'ana kuwa tana hannun 'yan kallo, domin yadda kowane gari ya karɓi Amal ya bayyana yadda yake ɗaukar baƙo.